Akwatin Jitar Kawuna

A cikin buhun taki kawuna ya kawo mini akwatin, ranar kasuwa, ana gab da kiran azahar. A lokacin gyaran rediyo nake yi a Rano, a wani ɗan shago mai kallon tashar mota, tsakanin mai ɗinki da mai faci. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma duk wanda rediyonsa ko rakodarsa ta yi shiru, daga Yalwa har Rurum, wajena yake zuwa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fi shekara ashirin a Kano yana kaɗa jita a otal-otal, shi da wasu mutum biyar. A gidanmu ba a faɗin haka. In baƙo ya tambayi mahaifiyata sana'ar ƙaninta, sai ta ce yana aiki a birni, ta shiga wata maganar. Da aka ƙaddamar da shari'a, ina cikin waɗanda suka cika mota zuwa Kano don murna, kuma har yau ban yi nadamar zuwan ba. Abin da dai zan faɗa shi ne, tun daga hawa motar har saukowa ko sau ɗaya kawuna bai zo mini a rai ba. Bayan 'yan watanni wuraren da suke kiɗa suka daina, abokansa suka watse, wasu Kaduna wasu Jos. Shi ya ɗauko matarsa da katifa da jita ya dawo Zinyau, ya karɓi 'yar gonar da kakanmu ya bar masa. Damina uku ya yi yana noma da hannun da bai saba da fartanya ba. Mutanen ƙauye ba su wulaƙanta shi ba, amma ba su jawo shi jiki ba. A masallaci sahun baya yake tsayawa.

Ya ajiye buhun a kan teburina ya ce, "Injiniya, ga aiki na kawo maka."

Haka yake kirana, rabi wasa rabi gaske. Na gaishe shi, na ba shi kujera, na zare akwatin. Ƙarfe ne baƙi, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, da maɓallai huɗu a gaba, fentin ya goge a inda yatsa ke yawan taɓawa. Ba amfilifaya ba ce cikakkiya. A cikinsa ake soka wayar jita, shi ya ɗaga sautin ya gyara shi, sannan ya miƙa wa babbar amfilifaya da lasifika. Ta ramukan bayansa na hango kwalabe biyu a tsaye, irin waɗanda ake sa wa rediyon da, masu yin ja in sun ɗau zafi. Rabona da ganin irinsu tun ina koyon aiki a wajen maigidana.

Na ce, "Kawu, me za ka yi da wannan kuma?"

Sai ya matso da kujera. Wani matashin mawaƙi a Kibiya, in ji shi, yana yi wa wani Alhaji mai neman kujerar ciyaman waƙa. Zamanin kuwa na siyasa ne, waƙar ɗan takara ba mai hana ta, a kowace mota lasifika take tashi. Mawaƙin yana da mai fiyano, amma ya ji labarin akwai tsohon mai jita a Zinyau, ya aiko masa ya zo su gwada. In an dace, za a ɗauki waƙar a kaset da shi.

"Mako uku ya rage. Na kunna shi a gidan mai janareta, sai gurnani yake. Ka duba mini shi don Allah. Da shi na yi duk kiɗan da na yi a duniya."

Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin ya dawo. Na ce ya bar mini shi.

Washegari da safe na kwance murfin. Zanzaro ya yi gini har uku a ciki, ɗaya a manne jikin tiransifoma. Na kankare su da tsinke, na share da tsohon buroshi. Sannan na haɗa akwatin da wata amfilifaya ta masu wa'azi da ke jiran mai ita, na ta da janareta, don wutar gari ta kwana huɗu ba ta zo ba. Kwalaben suka yi ja a hankali. Sai gurnanin ya taso, mai kauri, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙasa, bai ragu ba. Wannan ya nuna mini matsalar ba daga hanyar shigar sauti take ba, daga wajen da ke tace wuta ne. Ban daɗe ina nema ba na ga babbar kafasita ta kumbura, gindinta ya fitar da wani farin gari.

A nan na yi wautar da maigidana ya sha yi mini faɗa a kanta. Na kashe janareta, na ɗauka shi ke nan, na sa hannu zan kamo wayar. Kafasita irin wannan tana riƙe wuta ko an kashe, wutar da ke cikinta kuma ta fi ta bango ƙarfi. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Na dai ga kaina a ƙasa, bayana a jikin ƙofa, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Mai faci ya shigo da gudu yana salati. Babban yatsana ya ƙone, wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero, hannun kuma har kafaɗa ya kwana biyu ba ya ɗaga buta. Matata ta ce in mayar wa Kawu kayansa. Ban mayar ba.

Na samo kafasita a jikin wata matacciyar talabijin, na sauke wutar tsohuwar yadda ya kamata, na cire ta na liƙa sabuwar da dalma. Gurnani ya tafi. Sai wani ciwon ya fito, wanda gurnanin ya rufe: ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen kara. Na zare kwalaben, na ga ƙafafunsu sun yi kore. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na matse ramukan da suke shiga da bakin allura. Ya yi shiru. Na yi murna, na sa rakoda a mashigar jita ina saurare. Minti goma sha biyar sautin na fita lafiya, sai ya fara siririncewa, ya mutu. Na kashe, ya huce, na kunna, ya dawo, ya sake mutuwa.

Wannan ya ci mini kwana huɗu. A sanyi komai daidai yake a mitar awon wuta. Dole sai da wuta a jiki zan auna, hannu ɗaya a aljihu don kada wuta ta ratsa ni. A rana ta huɗu na kama shi: wata 'yar rizista da ke kai wa kwalba ta farko wuta, ta tsage tsagewar da ido ba ya gani, in ta ɗau zafi sai ta buɗe. Na canza ta. Daga nan na ɗauki gindin biro ina ƙwanƙwasa kayan ciki a hankali, don in ji ko da sauran abin da ya saki. Da na taɓa kwalba ta farko sai lasifika ta yi ƙara kamar an bugi kwanon sha. Ita ma ta gaji ke nan.

A Rano ba mai irinta. Na rufe shago na bi motar safe zuwa Kano, na yini ina zaga layin masu kayan lantarki. Wasu ba su taɓa ganin irinta ba, wani ya ce in kai gidan tarihi. Can da la'asar wani tsoho mai gyara ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, ya zazzage, muka tsinci guda biyu masu lamba ɗaya da tawa. Na ɗauki wadda cikinta ya fi haske.

Ranar da Kawu ya dawo da jitarsa a cikin zanin gado, ina ji da kaina. Akwatin ya yi tsit, ba gurnani ba ƙaras. Ya zauna, ya ɗora jitar a cinya, ya ɗaura wayoyinta, ya fara. Ni dai tun ina yaro ake ɓoye mini sana'arsa, ban taɓa jin kiɗansa ba sai ranar. Mai ɗinki ya tsayar da kekensa. Sautin ya fito garau, mai ɗumi, kowace waya da muryarta.

Bai yi minti biyu ba ya tsaya, ya ɓata fuska. Ya murɗa maɓallin kaifi har ƙarshe, ya sake bugawa, ya girgiza kai.

"Injiniya, ina muryarta?"

"Wace murya, Kawu?"

"Ta sama. Ƙananan wayoyin nan ba sa fita. Kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Ba haka yake ba da."

Na ce wataƙila lasifikar masu wa'azi ce ba ta dace da jita ba. Ya ce shi ya san lasifika, ba ita ba ce. Ya tafi ya bar mini shi.

Na sake bin akwatin tun daga mashiga har mafita. Na auna kowace rizista, na sake narka duk wata dalma da na ga ta dushe, na wanke maɓallan. Na mayar da tsohuwar kwalbar na saurara, na sake sa sabuwar. Na aro wata lasifikar a wajen mai haya. Ban sami komai ba. Ya dawo bayan kwana uku, ya buga, ya ce har yanzu. A wannan karon har da ɗan zafi a muryarsa.

"Ko dai kwalbar da ka sayo ta bogi ce? Ku yaran yanzu rediyon roba kuka sani."

Na ji haushi, amma na haɗiye. Yana sunkuye yana gyara waya, sai wata rediyo da nake gyarawa a bayansa ta saki wani siririn fito mai shiga ƙwaƙwalwa, irin wanda suke yi in tasha ta kuɓuce. Ni na zabura, mai ɗinki ya leƙo yana cewa in kashe. Kawu ko gezau. Na bar ta tana yi, ina kallon ƙeyarsa. Na ƙirga har ashirin a zuci. Bai juyo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na hau babur na tafi Zinyau, na dace ya tafi gona duba dawa. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana tsakar gida tana sussukar wake. Na gaishe ta, muka taɓa hira, sannan na tambaye ta kai tsaye ko lafiyar kunnen Kawu ƙalau.

Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kai ma ka gane ke nan. Ya fi shekara biyu. Tun muna Kano ya fara cewa yana jin ƙara a ciki. Yanzu in na yi masa magana ta baya ba ya ji. Kukan 'yan tsaki ba ya ji. Muryar maza yana kamawa, in an ɗaga. Kullum a gefen lasifika yake tsayawa a wajen aikinsu, shekara da shekaru."

"Ya sani?"

"Ban taɓa furta masa ba, shi ma bai taɓa furtawa ba." Ta kalle ni. "Ɗan nan, don girman Allah kada ka faɗa masa yanzu. Tun da aka aiko daga Kibiya yake cin abinci. Da, sai in kai tuwo in ɗauko shi yadda yake. Ka bar shi ya je ya yi wannan ɗin."

Ban ɗora wa Inna laifin abin da na yi ba. Ita cewa ta yi kada in faɗa. Ba ta ce in taɓa akwatin ba. Wannan dabarata ce ni kaɗai, kuma a hanyar komawa Rano ta zo mini. Tun da sautin sama ne ba ya ji, sai in ƙara masa shi har ya ji. Na san inda zan taɓa. Na cire wata 'yar ƙaramar kafasita a bayan maɓallin ƙara na sa wadda ta fi ta, na canza wata a gindin kwalba ta biyu, na rage kaurin sautin ƙasa. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Da na gwada, sai da haƙorana suka yi tsami. Sautin ya koma kamar ana yanka kwano da zarto. Na gaya wa kaina masu ɗaukar kaset suna da nasu na'urorin, za su rage. Na gaya wa kaina abubuwa da yawa a ranar.

Kawu ya zo, ya buga waya ɗaya, ya ɗago kai.

"Yauwa! Ga ta nan. Me ka samu?"

"Wata kafasita ce ta gaji, Kawu."

"Na gaya maka. Allah Ya yi maka albarka, Injiniya. Na san ba za ka ba ni kunya ba."

Ya yi kusan rabin awa yana kiɗa, idonsa a rufe. Mai ɗinki ya tashi ya koma inuwar tasha da ɗinkin hannunsa.

Ni na kai shi Kibiya a babur ranar gwajin, shi a baya rungume da jita, akwatin a ɗaure a kan tanki. A harabar gidan Alhajin aka shirya, bayan azahar, a ƙarƙashin rumfar kwano. Mawaƙin ya tarbe mu da mutunci, ya durƙusa ya gaida Kawu, yana ce masa Baba. Ga mai fiyano da kayansa, ga 'yan amshi, ga magoya baya sun cika benci. Alhajin da kansa ya fito ya zauna a kujerar roba, yana amsa gaisuwa.

Mai fiyano ya saki kiɗa, mawaƙin ya shiga, aka yi baiti ɗaya. Sai ya yi wa Kawu alama da hannu.

A shagona ƙaramar lasifika ce. A nan manya ne guda biyu, na kamfen. Bugun farko da ya yi, na ga mutanen benci na gaba sun ɗauke kai kamar an watsa musu ruwa. Wani ya toshe kunne. Kwanon rumfar ya kama sautin ya dawo da shi, lasifika ta fara kuwwa. Kawu bai san ana yi ba. Ya rufe ido, yana kaɗa kai, yatsunsa na gudu a kan wayoyi. Yatsun nan ba su manta komai ba, wannan na gani da idona. Wasu matasa a baya suka fara dariya. Alhajin ya ɗaga hannu, mai fiyano ya tsaya, mawaƙin ya tsaya. Kawu shi kaɗai ya ci gaba, har sai da mawaƙin ya je ya dafa kafaɗarsa.

Mai fiyano ya zo ya duba akwatin, ya murɗa maɓallin kaifi ƙasa, ya sa Kawu ya buga, bai canza wani abin kirki ba.

Ya ce, "Baba, wannan akwatin ai a lalace yake. Wa ya gyara maka shi? Ya cuce ka."

Sai da ya maimaita da ƙarfi Kawu ya ji. Ya miƙe tsaye, ya nuna ni.

"Ga wanda ya gyara nan, ɗan yayata ne. Duk ƙasar Rano ba mai hannunsa. Har wuta ta ja shi a kan akwatin nan. Kada ka ɓata masa suna a gaban mutane, kayanku ne ba su da kyau."

Kowa ya juyo yana kallona. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Mawaƙin mai kirki ne, ya ce a cire akwatin a soka jitar kai tsaye a na'urarsu. Aka yi haka. Sautin ya fito daidai a kunnen kowa, ban da mai jitar. Yanzu ba ya jin kansa, ba ya jin fiyano sosai. Ya riƙa shiga kafin lokaci, ko bayan an wuce. Ya matsa kusa da lasifika har kunnensa na taɓa ta. Aka gwada sau uku. A na ukun mawaƙin ya ce masa, "Baba, ka dawo baya kaɗan," bai ji ba, ya sake faɗa, bai ji ba. Wani daga benci ya ce, "Ai tsohon kurma ne." Wannan kam ban sani ba ko ya ji, amma ya ga bakunan mutane, ya ga yadda suke kallonsa. Ya zare wayar da kansa, ya naɗe ta a hannu a hankali.

Alhajin ya sa aka kawo mana abinci, ya yi godiya, ya ce za a neme mu. Kawu bai taɓa kwanon ba.

Mun yi nisa da gari, rana ta fara sanyi, sai ya bubbuga bayana ya ce in tsaya. Na tsaya a gindin wata ɗorawa a bakin hanya. Ya sauka, ya jingine jitar a jikin itacen.

"Me ka yi wa akwatin?"

Na fara magana ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye. Ya ce, "Ɗago ka kalle ni, ka ɗaga murya." Haka na tsaya a bakin titi ina ihu, ina gaya wa ƙanin mahaifiyata cewa akwatinsa lafiyarsa ƙalau tun ranar da ya fara gwada shi a shagona, kunnensa ne ya tafi, ni kuma na lalata sautin da gangan don ya ji daɗi. Wasu mata Fulani da ke dawowa daga tallar nono suka rage tafiya suna kallonmu. Ban ambaci Inna ba.

Ya saurara har na gama. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Na san kunnen. Ni ne mai shi, ya za a yi in kasa sani? Na dai sa rai akwatin ma yana da nasa laifin, in an gyara nasa, sauran sai in lallaɓa. A shagonka mu biyu ne, da mai ɗinki. Da a can ka faɗa mini, da na yi fushi na kwana biyu na zauna a gida. Ka bari na je na tsaya a gaban jama'a ina rantsuwa a kanka."

Na ce ya yafe mini. Ban san ko ya ji ba. Ya ɗauki jitarsa ya hau babur, muka tafi. Daga ranar bai ƙara ce mini Injiniya ba. Sunana na yanka yake kira, kamar kowa.

Bayan girbi ni da mahaifiyata muka matsa masa, na kai shi asibiti a Kano. Likita ya sa masa wani abu a kunne ya yi gwaje-gwaje, ya ce jijiyar ce ta mutu, ba ta dawowa, kuma abin gaba zai riƙa yi. Aka ba shi na'urar saƙalawa a kunne. Ya yi mako biyu da ita ya ajiye, ya ce ƙarar duniya kawai take tara masa, ba magana ba. Yadda likita ya faɗa kuwa haka aka yi, cikin shekara biyu ko muryar maza ya daina kamawa. A masallaci sai ya riƙa satar kallon na kusa da shi don ya san an yi ruku'u. Ya daina zama a dandali, don in an yi dariya ba ya sanin dalili. Muryarsa ta koma da ƙarfi, ba daɗi, yara suna kwaikwayonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ta yaɗu a ƙauyen, cewa sakayya ce, kunnen da ya sha kiɗa ne Allah Ya karɓe. An faɗi haka a gabana a wajen wani suna, wani dattijo ne ya faɗa, mutane suka gyaɗa kai. Limamin ƙauyen ne ya tsawatar, ya ce cuta jarrabawa ce, ba wanda aka ba ilimin dalilinta, kuma mutumin nan sallarsa ba ta wuce shi. Ni da nake ɗan 'yar'uwarsa ina zaune ban buɗe baki ba, sai da wani ya tare masa.

Zuwana na ƙarshe wajensa da rani ne. Na same shi a bayan gida yana gyaran danga, ya rame ƙwarai. Muka zauna a kan wani kututture. Boko bai yi ba, ajami yake karantawa, ni kuma ajamina na makarantar allo ne, duk ya zube. Na ɗauki tsinke na fara rubuta masa a ƙasa, harafi ɗaya-ɗaya, cewa abin da na yi masa yana damuna har yanzu. Ya sunkuya yana bi da ido. Ban kai rabi ba ya sa tafin ƙafa ya shafe.

"Bar wannan," ya faɗa da ƙarfinsa, har kaji suka watse. "Rubuta mini yaran, aji nawa suke yanzu?"

Na rubuta masa. Ya ce in kawo su hutu su ci rake. Ya ce in shiga in gaida Inna kafin in tafi, kada in wuce kamar yadda na yi a zuwana na baya.

Ban kai yaran ba, hidima ta yi ta sha mini kai. Da damina ta tsaya zazzaɓi ya kama shi, kwana shida ya yi a kwance. Ina shago da hantsi, ina kan wata rakoda, wani direban Zinyau ya tsaya a ƙofa bai kashe mota ba, ya ce in rufe in zo, ana jirana kafin a yi masa wanka.